Yadda Za Ka Je Baje Kolin Manoma Ka Dawo da Kujerarka

Kai mai girma ɗan majalisar jiha, ga zaɓe tafe, ga baje kolin kaka ya zo, ga shi rabonka da gona tun kana goye. Kwantar da hankalinka. Shekara goma sha wani abu ina ɗaure shanu a filin bayan cocin garinmu, na ga irinku iri-iri. Bi matakan nan, kujerarka ba za ta motsa ba. Mutum ɗaya na sani da ya bi su ya faɗi, Asahel Tuttle, kuma zan nuna maka inda ya zame.

1. Tuɓe kayan Ingila

Tun bayan yaƙinmu da Ingila, manomi ya ga ulun Ingila a jikinka to ya gama da kai. Ɗinka kwat da saƙar gida, mai kaushi, mai sa ƙaiƙayi. Soka zangarniyar alkama a hula kamar kowa. Tuttle ya yi duk wannan. Matarsa ce ta sayo yadin a kanti, shi kuwa bai tambayi wadda ta saƙa ba. Riƙe wannan.

2. Wajen shanu

Dafa gadon bayan dabba, runtse ido ɗaya, ka ce, "Hmm." Kada ka ƙara ko harafi. Tuttle ya ƙara. Ya ce wa tsoho Zebulon Crane, "Baba, wannan sa naka ya cika sa!"

Zebulon ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Da safen nan ma muka tatse shi."

An yi dariya, an yafe masa. Manomi yana son babba mai ɗan wauta.

3. Gasar huɗa

Za su miƙo maka garma don su ga abin kallo. Dafe kafaɗa, ka ce tsohon rauni ne. Ka karɓi aikin riƙe agogo. Ba a taɓa jin agogo ya ja mutum cikin laka ba.

4. Jawabi a coci

Ka ce ubanka manomi ne. Ya rasu, ba zai musa ba. Ka gajarta, don naman walima yana hucewa.

5. Ɗakin kayan mata

Nan ake baje cuku, man shanu da saƙa, kuma kai za ka miƙa cokalin azurfa ga gwanar saƙa. Tuttle ya shiga da sakin jiki, wai ai mata ba su jefa ƙuri'a. Ya ba matar mai injin niƙa cokali, don mijinta na da baki a gari. Da ya tsaya nan da ya tsira. Sai ya ɗaga wani yadi toka-toka ya ce, "Wannan kam sai dai bargon doki."

Mai yadin, Thankful Bixby, tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana tsaye a gefe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗan juyo min bakin kwat ɗinka."

"Me ya faru, Iya?"

"Juyo dai, ɗana."

Ya juyo. Ga jan zare sili ɗaya a gefen yadin, irin wanda take sa wa duk saƙarta, irin wanda ke jikin na hannunsa. Ta dubi matan ta ce, "Kun gani? Ashe dokin har jawabi ya yi mana a coci."

Gaskiyar Tuttle ce, Iya Bixby ba ta da ƙuri'a. 'Ya'ya maza biyar gare ta da surukai uku, kuma duk a teburinta suke cin abincin Lahadi. Ya faɗi zaɓe da tazarar ƙuri'a shida. Har yau in ya wuce ta gaban maƙera sai wani ya yi haniniya.

Saboda haka ka yabi kowane yadi, ko da tsumma ne.

Togaciya

In ka bi duk wannan aka kayar da kai, ba ni ba ne, ban san ka ba. Ni ko rubutu ban iya sosai ba, surukata Iya Bixby ce ta gyara min wannan. Tana gaishe ka, kuma ta ce in za ka zo, ka zo da cokalin.