Injin Gahawa da Kunyar Suruki

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukina ya tako gidana a Gwallaga ba. Har gobe in na shaƙi ƙaurin roba, sai gabana ya faɗi.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar kuɗi, amma a layinmu Injiniya ake ce min, don kuwa duk wanda soket ɗinsa ya ƙone ko fankarsa ta ƙi juyawa, ni yake aika wa. (Ban taɓa gyara wa kowa sunan ba. A kan me? Daɗi yake min.) Surukina kuma, wanda muke kira Baba, a sayar da kayan wuta ya tsufa. Yana da babban shago a cikin gari, gidansa yana GRA. Bafulatani ne na gaske, magana ƙasa-ƙasa, ga kawaici kamar me. 'Ya'yansa maza duk sun kama aiki a wasu garuruwan, ba mai sha'awar zaman shago. Sai aka fara raɗe-raɗin cewa Baba yana neman wanda zai damƙa wa shagon, ko ni ko wani ɗan ƙaninsa mai suna Sadiƙu. Ni kuwa na gaji da alli da hayaniyar yara. Shagon nan nake so, ba da wasa ba.

Wata safiya matata Rukayya ta ce, "Abban Ilham, Baba ya ce zai zo ranar Asabar bayan la'asar."

Na ce, "Nan gidan?"

Ta ce, "Nan gidan."

Sai da na ajiye burodin da ke hannuna. Uba ba ya shiga gidan 'yarsa haka kawai, balle Baba, wanda ko ranar sunan 'yarmu Ilham a ƙofar gida ya tsaya ya yi addu'a ya juya. Na san maganar shago ce ta taso. Na tambayi Rukayya me za a tarbe shi da shi, ta ce tun da ya dawo daga Umara ya bar shayi, gahawa kawai yake sha. Nan take shaiɗan ya raɗa min: mutumin da yake neman shagon kayan wuta, ai da kayan wuta ya kamata ya yi magana. Zan sayo injin dafa gahawa, Baba ya gani da idonsa cewa na san kaya.

Na duƙufa a waya ina karanta yadda ake zaɓen inji mai ƙarko. Wannan ya ce a duba tulun, wancan ya ce a duba matacin, kowa yana yabon nasa, har kaina ya ɗau zafi. Na rufe wayar na tafi kasuwa. A wani shago na tarar da guda biyu. Ɗaya sabo fil a kwalinsa, ɗan China, baƙi, maɓalli ɗaya tal. Ɗayan na gwanjo ne, jikinsa ƙarfe yana sheƙi, ga maɓallai reras, ga ɗan agogo a goshi. Na ɗaga na farko, sakayau kamar ba komai a ciki. Na ɗaga na biyu, sai da na sa hannu biyu. To, ni ina cikin masu aƙidar nan ta mutanenmu, cewa nauyi shi ne inganci, kuma tsohon Turai ya fi sabon China.

Mai shagon ya ce, "Yallaɓai ka san kaya. Wannan daga Amurka ya zo, ko jikanka sai ya gaje shi."

Na ce a gwada. Filoginsa mai siraran haƙora biyu ne falai-falai, ya ƙi shiga soket ɗin shagon. Na yi dariya irin ta manya na ce, "Bar shi, wannan ƙaramin aiki ne." Da isata gida na ɗauko wuƙa na datse filogin, na ɗaura masa irin namu mai haƙora uku, na naɗe da kyau. Har na kira Rukayya ta zo ta ga aiki.

Saura gwaji, sai ga shi ba wuta. Tun ranar da na sayo injin aka ɗauke wutar unguwarmu, ɗan janaretana kuwa ko dutsen guga ba ya ɗauka. Alhamis shiru, Juma'a shiru. Duk sallar da na yi sai na sako maganar wuta a addu'a. (Allah ya yafe min, ko lokacin da nake neman aure ban dage haka ba.) Ranar Asabar na girke injin a falo, a kan ɗan tebur kusa da ƙofa, inda duk wanda ya zauna a babbar kujera zai gan shi. Na zuba ruwa, na zuba garin gahawa, na zauna ina kallon ƙwan fitila. Ana idar da la'asar, daidai lokacin da na ji tsayuwar motar Baba, sai yaran layi suka kaure da ihu. An kawo wuta! Na ce alhamdu lillahi, wannan alamar nasara ce.

Baba ya shigo ya zauna a babbar kujera. Rukayya ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma bayan labule. Ni kuma na danna maɓallin injin, jar fitila ta kama, sannan na zo na zauna a ƙasa gabansa, na tanƙwashe ƙafa, na sunkuyar da kai yadda ɗa na gari yake yi a gaban surukinsa. Idona a kan darduma, injin a bayana.

Bayan doguwar gaisuwa Baba ya gyara murya. "Malam, ka san girma ya zo. Shi kuma shago amana ne, yana son mai lura."

Na ce, "Haka ne, Baba."

A bayana na ji injin ya fara wani irin gurnani, yana tofar da ruwa fat-fat. Na ce a raina, ƙarfi ke nan, kayan Amurka ba wasa ba. Sai wani wari ya biyo baya. Na ce ƙila haka gahawar manya take ƙamshi. Amma hancina ya san ƙaurin waya, tunda da shi nake cin suna a layi. Gumi ya keto min. In waiwaya? Yaya za a yi suruki yana magana ka juya masa ƙeya? In miƙe? Wa ya isa ya katse dattijo a tsakiyar zancen amana? Na ƙara sunkuyar da kai ina cewa "Haka ne, Baba," ko abin da yake faɗa ba na ji.

Shi kuwa Baba, injin yana gabansa sosai. Daga baya na gane tun farko yake kallon hayaƙin yana tashi ta saman hulata. Amma mai kawaici irinsa ba zai shigo gidan suruki karon farko ya buɗe baki da cewa kayanka na ƙonewa ba. Sai dai maganarsa ta riƙa sauri, abin da ban taɓa ji ba. Rukayya kuma tana bayan labule tana hango komai, kunyar mahaifinta ta hana ta faɗowa falo, sai tari take ta yi min da gangan don in lura. Mu uku, kowa ya san gida na shirin kamawa, kowa yana jiran wani ya fara rashin kunya.

Tau! Ƙarar ta sa na yi tsalle daga zaune, hulata ta faɗi. Fanka ta tsaya, fitila ta mutu, falon ya turnuƙe da hayaƙi, baƙin ruwa yana bin ƙafar tebur zuwa darduma. Ban san lokacin da na ce "Wayyo Allah!" da wata siririyar murya ba, a gaban surukina.

Baba ya miƙe a natse, ya zare wayar daga bango. Ya naɗe hannu da hankici, ya kifa injin, ya sa tabarau ya duba gindinsa. Sannan ya miƙo min. Ga shi nan a rubuce ɓaro-ɓaro: wutarsa ɗari da goma ce, tamu kuwa ninkin haka. Abin da nake koya wa 'yan aji uku da bakina. Ya ɗaga filogin ya jujjuya shi.

"Wa ya canza wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Ka kuwa ɗaura shi da kyau."

Da ma zagina ya yi, da ya fi min sauƙi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Rukayya ta kawo masa ruwa, ya kurɓa don kada a ce bai sha komai ba, ya yi mana addu'a. Bai sake tayar da maganar shago ba. Na raka shi mota ina tafe ina tuntuɓe, har ya zauna, sai ya sauke gilashi ya ce, "Malam, ita ma koyarwa aikin lada ce. Allah ya ƙara maka haƙuri da yara."

Na ce, "Amin, Baba." Na gane karatun. Kafin wata ya ƙare, Sadiƙu ne a kan kujerar shago, ni kuma ina gaban allo. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Don haka duk mai niyyar sayen injin gahawa, ga shawarar wanda ya sha wuya: kada nauyi ya ruɗe ka, kifa shi ka karanta gindinsa. In filogi ya ƙi shiga bango, gaskiya yake faɗa maka, kada ka ɗauko masa wuƙa. In kuma za ka yi wa suruki ladabi, ka yi, amma ka zauna ta inda kana ganin abin da ka jona.