Ranar da na wanke dankalin shef

Wata biyu da samun aikin wanke kwalabe a labo, wato ɗakin gwaje-gwajen da ake tsirar da dankali cikin kwalba, nan Damagaram, na riga na ɗauki kaina malama. Ban wuce aji uku ba, amma ido gare ni. Na lura magani biyu ake ɗigawa: in na farko ya rinjaya, saiwa ta fito, in na biyu ya rinjaya, ganye ya toho. Har maƙwabta nake koya wa.

Abin da ban sani ba, in an daidaita su, ba saiwa ba ganye, sai wani dunƙule fari-fari kamar ƙullu, kuma daga shi ake fara komai.

Ran nan na tarar da jerin kwalabe cike da dunƙulen. Ni da nake tafasa cokalin ɗiyata Nana sau biyu don tsoron zawo, ai na san ruɓa in na gan ta. Na kwashe, na dirje da sabulu, na jera su suna ƙyalli, na tsaya jiran yabo.

Shef, shugaban labon, ya shigo, ya daɗe yana kallon kwalaben.

"Maman Nana, ina dankalina?"

"Ya lalace, shef. Na hutar da kai."

Ya zauna a ƙasa. Aikin wata uku ne. Ni kuwa hankalina ya tafi kan madarar Nana, don na ga kora a fili.

Bai kore ni ba. Amma har yau, da na ɗauko soso, sai Malam Ari mai haɗa magani ya rungume kwalbarsa ya ce, "Baiwar Allah, a bar mini wannan, bai yi wa kowa laifi ba."