Difloma ta da fankar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gwada ilimina a shagon Kawu Sale ba.

Lokacin la kriz ne, wato matsin tattalin arziki, a Garwa. Gwamnati ta daina ɗaukar aiki, masu aikin ma an zaftare musu albashi. Sai na shiga wata makarantar koyon kwamfuta a bayan kasuwa (ordinato muke cewa, mu 'yan boko). Na'ura ɗaya tak gare su, a lulluɓe da zanen atamfa a ofishin darakta, ta taga muke hango ta. Darakta ya ce hannun ɗan koyo na sa mata cuta. Saboda haka a allo muka yi karatunmu, da alli. Ya rubuta DIR, mu amsa baki ɗaya, "Nuna abin da ke ciki!" CD, "Shiga ɗaki!" COPY, "Kwafa!" Kullum yana jaddada mana cewa gilashin na'urar baƙi ne wuluk, kada baƙin ya tsorata mu, mu dai mu ba ta umarni. Ni na zo na ɗaya, aka ba ni difloma mai hatimi har biyu.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, babban dillalin atamfa, kuma bai daɗe da sayo kwamfuta daga Duwala ba. Inna ta yi ta yi masa naci har ya ce in zo ya gani, in na iya aikin nawa ne. Wannan aikin kaɗai nake hange a duniya. Na sa kwat a zafin Garwa (kwat ɗin ma aro ne), na tarar da abokan Kawu sun cika shago suna shan shayi, ga fanka an juyo musu ita tana ta kaɗawa.

"To ɗana, ga ta nan. Nuna mana abin da aka koya maka."

Na zauna, na gyara wuyan kwat. Gilashi baƙi wuluk, daidai yadda darakta ya faɗa. Na buga DIR da yatsa ɗaya, na danna babban maɓalli. Shiru. Ko harafi ɗaya bai fito ba. Mai hankali da nan zai tsaya, ni kuwa sai na juya na yi wa dattawa bayani.

"Tunani take yi, Kawu. Manya ba sa gaggawa."

Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah!" Wannan ya ƙara min ƙarfi. Na buga CD, na buga COPY, na zazzage duk abin da na haddace. Alhaji Buba mai goro ya leƙo ya ce shi fa bai ga rubutu ba. Wallahi ko kunya ban ji ba, na ce ai ɓoye shi take yi saboda sirrin kasuwanci. Har gyaɗa kai suka yi!

Kawu dai yana ta kurɓar shayinsa. Sai da na fara maimaita DIR da ƙarfi kamar mai kiran kurma, sannan ya ajiye kofi.

"Ɗana, iskar nan na isa gare ka kuwa?"

"Sosai, Kawu."

"Madalla. Soket ɗaya gare mu a shagon nan. Tun safe na cire na'urarka na sa wa baƙi fanka."

Ya sunkuya ya ɗago wayar daga ƙarƙashin tebur, ya ɗora min ita a cinya. Jama'a, dariyar da aka yi har masu shagon gefe sai da suka shigo. Alhaji Buba ya ƙware da shayi yana cewa, "Sirrin kasuwanci!" Na so ƙasa ta tsage in shige, ni da kwat ɗin mutane.

Saboda darajar Inna, Kawu bai kore ni ba. Ya ɗauko wata 'yar garin Mokolo da ta taɓa aiki da na'urar, ya ba ta kujerar. Ni ma ya ba ni nawa aikin: kullum da safe in cire fanka in sa kwamfuta, in baƙi sun zo in cire kwamfuta in sa fanka.

Tun daga ranar, kafin in buɗe baki in yi wa kowa bayanin komai, sai na fara leƙa ƙarƙashin tebur.