Ni da Giwan Ruwan Argungu

Ina karatun digiri na biyu a Birnin Kebbi na ɗaura aniyar kwatanta wata ƙwayar halitta mai alaƙa da ciwon daji a jikin mutum da saniya da kifi. Bayanan mutum da na saniya suna cikin kwamfuta, na kifi kuwa na rantse da hannuna zan samo. Na tafi Argungu, wani tsohon masunci, Baba Manu, ya yanko mini tsokar giwan ruwa.

Bazara ce, ba wuta a ɗakin gwaji, safar hannu tana dafa ni. Na tuɓe ta na yar. Wa zai koya mini tsafta? Gumi na ɗiga, ina ta aiki.

Sakamako ya nuna ƙwayar kifin da furotin ɗinta iri ɗaya ne sak da na ɗan'adam. Na sake gwajin sau uku, haka dai. Na yi wa Baba Manu albishir ta waya, na ɗinka sabuwar riga, na tsaya gaban malamai ina bayyana abin da duniya ba ta taɓa gani ba.

Farfesar da ke duba aikina ta cire tabarau. "Ka sa safar hannu?"

Na girgiza kai.

"To, ba kifi ka auna ba. Kanka ka auna, har sau uku."

Har yau in na sauka bakin gulbi, Baba Manu sai ya nuna ragarsa ta kamun kifi, ya ɗaga murya: "Malam, ɗan'uwanka ya shiga homa! A sake shi, ko a soya?"