Ranar da Na Kushe Jirgin Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe mini sauran tunani, da ranar da na je duba jirgin sama da idon dillalin shanu.

Na daɗe ina dillanci a kasuwar dabbobi ta Gure, kuma abu ɗaya ya fito da sunana: kushe. Kawo mini bijimi lafiyayye sumul, in zagaya shi sau biyu in samo masa aibi, mai shi ya rage kuɗi yana godiya. (Na taɓa sa wani makiyayi ya ba ni haƙuri a madadin raƙuminsa.)

To, kawuna Alhaji Mamman, mai loda shanu tirela-tirela zuwa kudu, Allah ya buɗa masa har ya ga babbar motarsa kat-kat ta yi masa kaɗan. Aka samo masa jirgi okaziyo, wato na hannu, matsakaicin nan na manyan ƴan kasuwa mai kujera takwas, za a kawo shi filin jirgin Damagaram ya gani. Ya kira ni ya ce, "Ɗana, taho da idon nan naka. In ka karya mini farashi, kai ne wakilina a sayen shanu daga Kelle har Bune." Wakilcin nan kuwa shekara biyar ina lallaɓa shi, har ɗana na fari na sa wa sunan Kawu.

Muka isa. Wakilin mai jirgin, wani dogo da kwat, ya buɗe dosiye, wato kundin takardun jirgin, yana bayanin awannin da injin ya yi a sama da lokacin da aka yi masa babban gyara. Kawu na ta gyaɗa kai. Na ce a raina, takarda kowa na iya rubutawa, ni jiki nake dubawa. Na goya hannu a baya na shiga zagaye. Na daki taya da ƙafa. Na leƙa bakin inji kamar mai ƙirga haƙora. Babu aibi ko ɗaya, gumi ya fara keto mini.

Sai na ɗaga kai. Alhamdu lillahi! Ƙarshen fiffiken ya tanƙware ya miƙe sama. Na ruga ɗaya gefen, shi ma haka.

"Kawu, tsaya!" na ce da muryar kasuwa, wadda ake ji daga turken awaki har na raƙuma. "Jirgin nan ya taɓa haɗari. Dubi fukafukan, duka biyu sun lanƙwashe, ko wajen maƙeri ba su kai shi ba. A zubar da rubu'in kuɗin, ko mu kama hanya!"

Kawu ya duba, ya riƙe haɓa, ya ce, "Lalle kam. Ni ma tun ɗazu nake kallon wurin."

Matuƙin jirgin, wani dattijo da na ɗauka ba ya jin Hausa, ya matso ya ce da Hausa tsaf, "Malam, haka aka ƙero shi daga kamfani. Lanƙwasar ce ke rage masa shan mai. Wanda ba shi da ita ya fi araha." Dogon ya rufe fuska da dosiye, kafaɗunsa na rawa.

Kawu ya juyo ya dube ni daga hula har takalmi, sannan ya ce musu, "Ku yi haƙuri da shi, shanu kawai ya sani. Ni dama gwada shi nake."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, haushi kuma ya fi kunyar yawa.

Jirgin dai bai saya ba (da ya ji abin da mai da matuƙa ke ci a shekara, sai ya tuna kat-kat ba ta yi masa laifin komai ba). Wakilci ya ba wani. Labarin kuwa shi da bakinsa ya baza shi a Gure, ya tsallake wurin da ya riƙe haɓa.

Yanzu in na ce wa makiyayi saniyarsa na ɗingishi, sai ya ce, "Haka aka ƙero ta daga kamfani, Malam," kasuwa ta kwashe da dariya, farashi ya tsaya cak. Na dai koyi darasi: in ka yi wauta tare da mai kuɗi, washegari kai kaɗai ka yi ta.