Injiniyan Ƙota na Al Gharrafa

Duk wanda ya zauna a Doha a shekarun korona bai ji labarin Garzali ba, ya yi asarar zama. Allah ne ya yi wa unguwar Al Gharrafa baiwa da shi. Kamfani ya ɗauke shi gadin wasu gidaje, amma shi ya san kuskure aka yi. A ransa injiniya ne. Abokan ɗakinsa, don a zauna lafiya, suka naɗa shi Injiniyan Ƙota.

Wuƙa ce ta jawo sarautar. Purna, abokin gadinsa ɗan Nepal, da zai tafi hutu gida ya bar masa amanar kukuri, lanƙwasasshiyar wuƙar mutanen ƙasarsu, wadda ya gada daga mahaifinsa. Yana tafiya aka rufe filayen jirgi, hutu ya zama shekaru. Garzali kuwa ga dokar kulle, ga waya, ga basira ta rasa inda za ta zuba.

Ya ɗauko wuƙar ya dubi ƙotarta, ya girgiza kai. Ƙahon ɓauna ne da ya sha gumin hannu, ga wani tudu kamar zobe a tsakiya inda yatsu ke kamawa.

"Ka ga abin tausayi, Usaini," ya ce wa direban da suke ɗaki ɗaya. "Al'umma guda suna ƙera abu tun kaka da kakanni, ba wanda ya lura akwai ƙari a jikinsa sai da ya zo hannun masani."

"Ranka ya daɗe, kayan mutane ne fa."

"Ita amana inganta ta ake yi. Ku matsalarku rashin bincike."

Ya sa zarto ya cinye zoben. Ya goge ƙotar har ta yi santsi kamar kwalba, ya bi ta da man sheƙi. Gindinta mai faɗi, wanda ke tokare hannu, ya ce ƙauyanci ne, ya fiƙe shi. Sannan ya sa aka zo masa da jan tuntu daga Kano ya ɗaura mata, irin na kuben takobi. Ko albasa bai taɓa yankawa da ita ba. A cewarsa gwaji na masu shakka ne.

Da Gasar Kofin Duniya ta matso, kamfani ya dawo da tsofaffin masu gadi, har da Purna. Da wani ne, sai ya miƙa wa mutum kayansa a ɗaki ya huta. Garzali ya ce irin wannan aiki sai a gaban shaidu. Aka yi dace Dakta Ghali, wani likita Bahaushe ɗan gida, ya shirya walimar suna a rairayin bayan Al Rayyan, an kawo rago daga mayanka, saura saran ƙashi. Garzali ya gayyato Purna, ya karɓe aikin sara ba wanda ya roƙe shi.

"Jama'a," ya ce, "yau za ku ga abin da ilimi ke yi wa gargajiya. Wannan ƙota ta dace da soja, ta dace da mafarauci. Baƙin ƙwallo ma in sun gani, sai sun yi layi."

"Yalla, yi sauri, Injiniya, yunwa muke ji," in ji Usaini.

Mutane sun daɗe da manta sanitaiza, amma Garzali, wanda ya yi annoba yana auna zafin goshin jama'a a bakin ƙofa, bai yarda ta wuce ba. Ya matsa sanitaiza cike da tafi, ya murza. Ya kama ƙota, ya ɗaga har bayan ƙeya, ya kawo sara da ƙarfin Allah.

Cinyar rago ba abin da ya same ta. Wuƙa ta yi sama, manyan baƙi suka kwanta a kan tabarmi da rigunansu, ta wuce ta kan tukunyar shinkafa ta cake a tayar motar Dakta. Sai kukan iska na fita.

Purna ya taka a hankali ya zare ta. Ya juya ƙotar, ya shafa, ya sake juyawa. Sannan ya dubi Garzali, ya ce cikin Larabcinsu na bakin ƙofa, "Wannan tana da kyau, aboki. To ina ta babana?"

Garzali ya dubi hannunsa. Jan tuntun ne a ciki, ya damƙe shi gam. A duk aikin, shi kaɗai ya riƙu.