Rasuwar Babur Ɗina, Wanda Aka Toshe wa Hanci da Fentin Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin ƙonannen fenti, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda na taɓa gyara wa famfo rasuwar babur ɗina. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan hawan da ke bayan kasuwa, yana ɗauke da ni da bututu shida da jakar kayan aiki. Shekararsa goma sha ɗaya a hannuna.

Marigayi babban babur ne, irin mai shan ruwa, mai lagireto a ƙirji. Bugu ɗaya yake tashi, ya ce "gum-gum-gum" a hankali, kamar dattijo na gyaran murya. Bai taɓa zubar da ni a hanya ba, har ranar da na ɗaura masa tankin ruwa mutane suna ta nuna mu. Kyau kam ba shi da shi. Ni ma ba ni da shi, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarar wani.

Masu ta'aziyya suna ta cewa ajali ne. Na yarda. Amma wannan ajalin yana da burushi, kuma mijin ƙanwata ne.

Ga yadda ciwon ya faro. An kwantar da ni asibiti aka yi mini aiki a ciki, na bar marigayi a gidansu don gidan yana da ƙofar ƙarfe. Mijin nata mai fentin gini ne, Mai Burushi muke ce masa. Ya dubi lagireton ya ga ya koɗe, sai tausayi ya kama shi. Da ma yana da ragowar fentin mai na wata ƙofar makaranta, kore shar, irin koren da ake shafa wa ƙyauren banɗaki. Shi kuwa a sana'arsa babu abin kunya irin a bar rami a bango. Lagireto kuma duk jikinsa ƙananan ramuka ne, kamar saƙar zuma, ta nan iska ke bi ta sanyaya ruwan inji. Mutumin nan ya kwance ragar gaba, ya kwaɓa foti, irin ƙullun da suke toshe ramin bango da shi, ya zauna yini guda yana cike ramukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya bushe ya goge da sanfefa har ya yi sumul. Sannan ya bi da fenti hannu uku, ya mayar da raga.

Da na je ɗauka sai ya tare ni yana murmushi, wai, "Yaya, zo ka ga ango." Na hango kore ta cikin raga, da ƙudaje biyu da gashin kaza manne a jiki. Ɗinki na cikina, ban iya yi masa faɗa ba. Na zaci muni ne kawai. Ban san an shaƙe shi ba.

Washegari na fita aiki. Muna fara hawa sai jar fitila ta kama. Fankar lagireto ta ɗauki kuka, "fiii", tana hura iska a jikin bangon da aka gina mata. Sai wari ya taso. Na yi shekara ashirin ina sa hannu a masai da ya toshe, ban taɓa jin wari irin wannan ba. Fentin ya kumbura yana tafasa, yana ɗiga mini a takalmi kamar majinar mai mura. Kafin in sami gefen da zan tsaya, marigayi ya ce "kwas-kwas", ya ce "tsss", ya yi shiru. Da hannuna na tura gawar har rumfar bakanike.

Bakanike ya cire raga, ya ƙwanƙwasa lagireton da sifana, ya ji kamar katako. Ya ce, "Mai famfo, wannan wa kuka yi faɗa da shi?" Na ce masoyi ne. Ya ce to Allah ya raba shi da irin masoyana. Ya buɗe inji, ya kira maƙwabtansa su zo su gani. Fistin ya kama, kan inji ya lanƙwashe. Ya ce babu sauran magani.

Shi ne ya faɗa mini abin da zan rubuta a nan don masu rai. In dole sai an yi wa lagireto fenti, a wanke shi ya bushe, a nemo na feshi mai jure zafi, a tsaya daga nesa a fesa sama-sama kamar raɓa. In an ɗaga shi sama, lallai a ga haske ta kowane rami. In kuwa mutum burushi kaɗai ya iya, ya shafa gefe-gefe ya bar tsakiya da muninta.

Marigayi ya bar hular kwano ɗaya, madubi ɗaya da rabi, da fanka wadda har yanzu lafiyarta lau sai dai ba ta da wanda za ta yi wa fifita. Ya bar ni a ƙasa, ina roƙon direbobin bas su bar ni in shiga da bututu. Ya bar mai ɗakina, wadda in ta ga takalmin nan mai ɗigon kore sai ta juya baya kafaɗunta na rawa, wai tari ne.

Tun ranar na ce Mai Burushi kada ya ƙara taka mini ƙofa. Ƙanwata ta zo ta tsaya a tsakar gida tana hawaye, wai, "Yaya, wallahi alheri ya nufa, har abincin rana bai ci ba yana aikin." Na ce ina ma ya ci, ya ƙoshi, barci ya kwashe shi. Ta tafi, yau kwana tara ba ta dawo ba. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari, kuma gidana bai saba yin kwana tara babu surutunta ba. Wannan yana ci mini rai. Amma ba zan ce ba komai ba alhali da komai.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Za a taru ranar Asabar da safe a rumfar bakanike. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo da kurarsu su ɗauki gangar jiki. Kada wanda ya zo mini da kaya kore. Lagireton kuwa ba zai bi su a wannan ƙazanta ba. Na tanadi benci, da gwangwanin tina mai narkar da fenti, da siririyar waya. Mai Burushi zai zauna a gaban jama'a ya buɗe ramukan nan da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya rufe su. Bakanike ya ce in ya yi sauri zai gama kafin rana ta faɗi. Na san ba zai tayar da mamaci ba. In ya gama zan ɗaga lagireton in duba. In na ga haske ta kowane rami, ya wanke hannu ya ɗauko matarsa su zo gida a ci abinci. In saura rami ɗaya, benci na nan ranar Lahadi.